Babur na Farko: Ƙaramin Inji ko Babba?

Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa a rediyo shi ne muke kawo muku a rubuce, don wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.

Tun da aka fara shigo da amfanin gona gida, yawancin saƙonninku suka karkata wuri ɗaya, watau maganar sayen babur. Mun ware guda huɗu waɗanda muka ga sun ɗauke sauran. Na farko wani manomi ne daga ƙasar Gumel, ya ce ya sayar da riɗinsa ya haɗa da kuɗin ɗan sa guda, yana son babur ɗin da zai riƙa kai taki gona ya ɗauko buhu, hanyar garinsu kuwa yashi ce, abokansa suna cewa in bai sayi mai 200 ba ya yi asarar kuɗinsa. Na biyu ɗan koli ne daga wajen Funtuwa mai cin kasuwannin ƙauye, yana tambayar wanda ya fi ƙarancin shan mai. Ta uku wata malamar asibiti ce daga jihar Maraɗi, tsakanin gidanta da wurin aiki bai wuce kilomita 7 ba. Na huɗu kuma wani dattijo ne da ɗansa ɗan shekara 18 ya matsa masa lamba sai ya saya masa babban babur irin na abokinsa.

To, mun gode da waɗannan tambayoyi. Matambayi ba ya ɓata, balle ma a kan abin da mutum zai zuba wahalar damina guda a kai, sa'an nan ya ɗora ransa da na iyalinsa a bisansa. Bari mu ɗauko maganar daga tushe.

Mene ne wannan lamba da ke jikin babur?

Ɗan'uwa, idan ka dubi gefen babur za ka ga an rubuta 100, ko 110, ko 125, ko 150, wani lokaci da haruffa biyu CC a gaba, waɗanda ake karantawa si-si. Ba sisin kwabo ake nufi ba, kuma ba gudun babur ɗin ba ne kamar yadda wasu suke zato. Awo ne na faɗin cikin inji.

Idan bakanike ya kwance kan inji a gabanka, za ka ga wani zagayayyen rami kamar turmi, shi ne silinda. A cikinsa akwai fistin, yana hawa yana sauka kamar taɓarya. Idan fistin ya sauka sai ya zuƙo iska gauraye da fetur, idan ya hau sai ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi ta angiza fistin ƙasa da ƙarfi. Wannan angizawa ita ce ke bi ta giya da sarƙa har ta juya tayar baya. To, girman wurin da fistin yake sharewa daga ƙasa zuwa sama, shi ake aunawa da si-si.

Don ka gane girman abin: sirinjin allura da ake cewa mai 5, si-si 5 ke nan, daidai da ƙaramin cokalin shayi. Si-si 1000 su ne lita ɗaya. Ledar ruwan sanyi da ake sayarwa a tasha si-si 500 ce. Ke nan injin babur mai 125, cikinsa kashi ɗaya ne cikin huɗu na ledar ruwa, mai 100 kuwa kashi ɗaya cikin biyar. Ɗan wannan wuri ne yake ɗaukar ka da buhunka.

Idan turmin ya fi girma, abin da yake zuƙa a kowane bugu ya fi yawa, bugun ya fi ƙarfi, man da yake ƙonewa ma ya fi yawa. Dukan maganarmu ta yau a kan wannan take: ƙarin ƙarfi ba ya zuwa kyauta, sai da ƙarin mai, da ƙarin nauyi, da ƙarin kuɗi.

Ƙarfin ja daban, gudu daban

Manomi ya san bambancin sa da doki. Doki ya fi sa gudu, amma in aka zo jan garma ko amalanke cike da taki, sa ake nema. Haka abin yake ga babur. Akwai ƙarfin ja, watau yadda zai tashi da kaya daga tsaye, ya keta yashi, ya hau tudu. Akwai kuma gudu, watau inda allura za ta kai a kan kwalta. Mutumin karkara ƙarfin ja ya fi bukata, amma abin mamaki, in ana cinikin babur gudun ake ta yabo.

Kamfanoni suna auna ƙarfin inji da abin da suke kira ƙarfin doki. Mai 100 yana ba da kimanin doki 8, mai 125 wajen 10 zuwa 11, mai 150 kuwa kimanin 12. Ka ga ratar ba ta kai yadda ake zuzuta ta a majalisa ba.

Har ila yau, ba inji kaɗai ke kawo ƙarfin ja ba. Giya tana da nata rabo, haka ma faifan haƙoran nan na tayar baya da sarƙa take hawa. Idan bakanike ya sa maka wanda ya ɗan fi girma, babur zai ƙara ƙarfin ja, gudunsa ya ɗan ragu. Mai hanyar yashi ko tudu yana iya samun biyan bukata ta nan da kuɗi kaɗan, ba sai ya sayi babban inji ba.

Rukunin babura da ke kasuwa

Rukuni na farko su ne ƙananan nan marasa tanki a gaba, waɗanda ake kira roba-roba, daga 50 zuwa 110. Kakansu shi ne Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, dattawa kuma sun san shi da sunan mai 50, da mai 70, da mai 90. Yau kamfanonin Sin irin su Haojue da Lifan da Jincheng suna yin irinsa. Ba shi da kulocin hannu, da ƙafa kawai ake sa giya, ba shi da nauyi, kuma mai babbar riga ko zani zai hau shi ba wahala. Ya fi kowane ƙarancin shan mai. Rauninsa shi ne siraran tayoyi, da ƙaramin tanki, da kasancewar cikinsa kusa da ƙasa. A yashi mai zurfi ko da kaya masu nauyi yana galabaita.

Rukuni na biyu su ne masu 100 zuwa 110 da ke da tanki a gaba da kulocin hannu, irin su Bajaj Boxer 100, da TVS HLX 100, waɗanda duka daga Indiya suke, da Honda Ace 110. Su ne jakunan zamani. Nauyinsu yana wajen kilo 110, kujerarsu doguwa ce, kayan gyaransu kuwa da wuya ka shiga kasuwar ƙauye ka rasa.

Rukuni na uku su ne masu 125, irin su Honda Ace 125, wanda ake haɗawa a masana'antar Honda da ke Ota a jihar Ogun, da TVS HLX 125, da wasu da yawa na ƙasar Sin. Waɗannan su ne tsaka-tsaki. Sun fi mai 100 numfashi idan an yi goyo ko an ɗora kaya, shan mansu kuma bai yi nisa da nasa ba.

Rukuni na huɗu masu 150 ne, irin su Boxer 150 da HLX 150. Sun fi nauyi, wajen kilo 120 zuwa sama, tayoyinsu sun fi faɗi, sun fi jure doguwar tafiya da kaya.

Daga 200 zuwa sama kuwa an shiga wani fage. Kuɗinsu ya fi, mansu ya fi, kayan gyaransu sai birni, kuma ba a yi su don mai koyo ba.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai sayen na hannu ya sani. Tsofaffin babura masu hayaƙi, irin su Suzuki AX100 da Jincheng mai kama da shi, injinsu yana tashin wuta a kowane juyi, kuma yana ƙona wani baƙin mai na musamman tare da fetur. Na yanzu marasa hayaƙi sau ɗaya suke tashin wuta a juyi biyu. Shi ya sa mai hayaƙi 100 yake da zafin tashi fiye da marar hayaƙi 100, amma ya fi shi shan fetur, ga kuɗin baƙin mai kullum. Saboda haka lamba ɗaya ba ta nufin hali ɗaya.

Tambayoyi huɗu kafin ka je kasuwa

Kafin ka tambayi dillali komai, malam, zauna ka tambayi kanka abu huɗu.

Na ɗaya, me zan riƙa ɗauka yau da kullum? Lura, cewa muka yi yau da kullum, ba abin da za ka ɗauka sau biyu a shekara ba. Buhun taki kilo 50 ne. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Babban buhun masara ko gero yana kai kilo 100. Yawancin waɗannan babura, littafin da ke zuwa da su bai yarda a wuce wajen kilo 150 ba, har da nauyin mahayin. Idan kai kilo 65 ne, ka ɗora buhun taki ɗaya, kana cikin ƙa'ida. Idan ka ɗora babban buhun masara ka riga ka ɗan haura. Idan ka ɗora biyu, to kowane irin inji ne a ƙarƙashinka, ka fita daga abin da aka ƙera babur ɗin dominsa. Mun san ana yi, muna gani a hanyar Dawanau da ta Maigatari. Amma a sani, babban inji yana taimaka wa kaya su tashi ne kawai, ba ya taimaka musu su tsaya. Birki da taya da wayoyin ƙafa su ke ɗaukar wahalar, kuma na mai 150 ba su ninka na mai 100 ba. Kayan da ya fi ƙarfin babur, a yi sawu biyu, ko a nemi amalanke ko mai ƙafa uku.

Na biyu, wace irin hanya zan riƙa bi? Kwalta ko burji mai kyau, mai 100 ya isa. Yashi irin na Gumel da Nguru da Damagaram, ko lakar fadama da damina, ko hawa irin na Jos da Biyu da Mambila, nan ne mai 125 ko 150 yake nuna amfaninsa. Dalili kuwa shi ne injin waɗannan babura iska ce take sanyaya shi. Ƙaramin inji da aka murɗe wa wuta har ƙarshe, yana tafiya a hankali cikin yashi da giya ta ɗaya a tsakiyar zafin bazara, aiki yake yi mai yawa, iskar da ke bugunsa kuwa kaɗan ce. Sai ya ɗau zafi, baƙin mai ya tsinke, ringi da fistin su ci, kuloci ya ƙone. Wanda ya ɗan fi shi girma zai yi wannan aikin bai kai ƙarshen ƙarfinsa ba.

Na uku, nisan nawa? Mai zagaye tsakanin gida da gona da masallaci da kasuwar garinsu, kilomita 10 ko 20 a yini, ba shi da abin yi da babban inji. Mai yin kilomita 60 ko 80 a tafi ɗaya, sau uku ko huɗu a mako, shi ne zai ji bambanci a jikinsa da jikin babur.

Na huɗu, wane babur bakaniken garinmu ya sani, kuma kayan wanne ake samu a kasuwarmu? Wannan tambaya tana iya rinjayar sauran ukun. Babur ɗin da fulogi da sarƙa da takalmin birkinsa suke rataye a shagon garinku ya fi maka wanda ya fi shi kyau amma sai an aika Kano ko Maraɗi, kai kuwa ga shuka tana jiran taki. Daɗin daɗawa, ranar da bukata ta taso ka so sayarwa, wanda kowa ya sani shi ne yake saurin samun mai saye.

Lissafin mai

A da can mutane ba su cika damuwa da wannan ba. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin fetur a Nijeriya, lita ta tashi daga wajen naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ci gaba da hawa. Mutanen Nijar da ke kan iyaka su ma sun ji a jikinsu. Saboda haka mai sayen babur yau dole ya yi lissafi.

Bari mu yi misali. A ɗauka kana yin kilomita 40 kullum. A ɗauka kuma mai 100 yana yi maka kilomita 50 da lita ɗaya, mai 150 kuwa kilomita 40. Mai 150 zai sha lita guda cur a yini. Mai 100 zai sha kashi huɗu cikin biyar na lita. Bambancin kamar ba komai, amma a kwana 5 lita ɗaya ce, a wata lita 6, a shekara ta haura lita 70. Ka buga wannan da kuɗin lita a garinku, ka ga ko buhun taki nawa ne.

Sai dai akwai sharaɗi. Wannan riba tana samuwa ne idan ƙaramin injin yana aikin da ya yi daidai da shi. In ka labta masa kayan da suka fi ƙarfinsa, kullum yana kuka a ƙaramar giya, to man da kake gudun sha zai sha shi, ya ƙara maka da kuɗin bakanike. Daidai ruwa daidai tsaki. Mai ƙaramin aiki da ya sayi babban inji yana ƙona kuɗi a banza, mai babban aiki da ya sayi ƙarami shi ma haka.

Sabon hannu da babban inji

Yanzu mun zo inda maganar ta wuce ta kuɗi. Baba mai tambaya a kan ɗansa, a nan amsarka take.

Wanda bai saba ba, hannunsa bai san awon wuta ba tukuna. Idan ya firgita, maimakon ya saki sai ya ƙara murɗawa. A kan ƙaramin inji wannan kuskure yakan ƙare da ɗan tsalle da kunya. A kan mai 200 yana iya ƙarewa a jikin katanga ko ƙarƙashin mota. Nauyi ma haka. Babur mai kilo 100 in ya karkata za ka tare shi da ƙafa, mai kilo 140 kuwa sai ya kwanta da kai, salansa mai zafi a kan ƙwauri.

Ga wani lissafi da kowane mahayi ya kamata ya riƙe: idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata kafin ya tsayar da kai ninki huɗu yake yi. Watau in kana gudun 40 birki ya tsayar da kai a taku 10, a gudun 80 sai taku 40. Akuya da ƙaramin yaro ba sa sallama kafin su tsallaka hanya. Dokar hanya ta Nijeriya ma kilomita 50 a awa ta ƙayyade wa babur a cikin gari, mai 100 kuwa yana wuce wannan ba tare da ya yi gumi ba. To, ina amfanin sayen gudun da doka ta hana, hanya ma ba ta ba da damar yin sa?

Ga gwaji mai sauƙi a wurin saye. Hau babur ɗin kana zaune daram, ka ga ko tafin ƙafafunka biyu suna taka ƙasa. Sauko ka tura shi gaba da baya. Ɗora shi a kan jakinsa na tsakiya ka sauke. In ɗayan waɗannan ya gagare ka a fili mai kyau, to ka tuna wata rana a cikin laka za ka yi shi, kai kaɗai, da almuru.

Kada lamba ta ruɗe ka

Lambar da ke jikin murfi takarda ce, kowa yana iya liƙawa. Ko na kamfani ma cikawa ake yi, alal misali Boxer 150 injinsa bai cika 145 ba. Wannan ba ha'inci ba ne, haka ake yi ko'ina. Ha'inci shi ne a liƙa 150 a jikin mai 125 a karɓi kuɗinka.

Ga yadda za ka kare kanka. A babura da yawa an zana ainihin awon a jikin ƙarfe, a gindin silinda, sai a goge ƙura a duba. A injinan ƙasar Sin kuma lambar inji kanta tana faɗa. Za ka ga lambobi uku, sa'an nan haruffa uku. Harafin ƙarshe shi ne mai magana: FMG mai 100 ne, FMH mai 110, FMI mai 125, FMJ mai 150, FML kuwa mai 200. In ba ka iya karatun boko ba, tafi da yaron da ya iya, ka kuma tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.

Idan na hannu ne, a tashe shi da sanyinsa a gabanka, kada ka yarda da wanda aka riga aka ɗumama. Marar hayaƙi da ke fitar da shuɗin hayaƙi, ringinsa ya tafi. Mai 150 da ya gaji bai kai lafiyayyen mai 100 ƙarfi ba. Sa'an nan a gwada lambar inji da lambar jiki da abin da ke cikin rasidi, a yi ciniki gaban shaidu. Babur ɗin sata ba ya da araha, ko nawa aka sayar maka.

Doka da sauran kashe-kashe

Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kan babur ɗin kansa. Akwai lamba da takardu. Akwai lasisin tuƙi, wanda a Nijeriya na babur shi ne rukunin A, kuma sai mai shekara 18 ake ba. Akwai hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sawa tun 1 ga Janairu, 2009. Ko ba don jami'i ba, ɗan'uwa, kai guda ɗaya gare ka, kuma ba a sayar da shi a shagon kayan gyara. Akwai juyen baƙin mai na farko, wanda yawanci ake yi tsakanin kilomita 500 zuwa 1000, kuma a wannan tsakani ba a labta wa sabon inji kaya, ba a murɗe shi har ƙarshe. Da hunturu kuma a riƙa duba matatar iska, domin ƙura tana cin inji kamar yadda gara take cin rumbu. Mai 125 da hular kwano da takardu cikakku ya fi mai 150 da ba ko ɗaya.

Mai niyyar yin haya da babur kuwa, ya binciki dokar wurin da zai je tun kafin ya saya. Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013. Legas ta yi doka a 2012 wadda ta hana babur hawa manyan hanyoyi da dama, a 2022 kuma ta hana haya da shi a wasu ƙananan hukumomi. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna sun sa dokokin taƙaita hawan babur saboda matsalar 'yan bindiga. Irin waɗannan dokoki ana sa su, ana sassautawa, ana sake ɗaurewa, don haka a tambayi hukuma ko mai unguwa a ji wadda take aiki yanzu.

Amsa ga masu tambaya

Manominmu na ƙasar Gumel, mai 200 ba naka ba ne. Da yake hanyarka yashi ce kuma akwai kaya, nemi mai 125 na kamfanin da ake samun kayansa a kasuwarku. In ka taɓa hawan na wani har hannunka ya faɗa, kuma buhu kullum ne, to mai 150 ba laifi. Rarar kuɗin da za ka samu ka sa a taki, shi ne zai dawo maka da riba. Abokan da ke zuga ka ba su za su riƙa zuba maka mai ba.

Ɗan kolinmu na wajen Funtuwa, in kayanka ba su wuce nauyin buhun taki ɗaya ba kuma hanyoyin suna da dama-dama, mai 100 ko 110 mai kulocin hannu ya ishe ka, shi ne kuma zai bar maka riba a aljihu. In kasuwannin suna da nisa, kayan kuma suna ƙaruwa, hau zuwa 125. Ka sa a yi maka kariya mai ƙarfi, ka raba kaya dama da hagu, mai nauyi a ƙasa.

Malama ta jihar Maraɗi, roba-roba mai 100 ko 110 ya wadatar da ke, in dai hanyar ba yashi mai zurfi ba ce. Ki kula da bakin zani da mayafi, a tattare su sosai kafin a tashi, domin sarƙa da wayoyin taya suna kama tufa.

Baba kuma, a yi haƙuri da yaro, a lallashe shi, amma kada a saya masa babban nan. A fara masa da mai 100, da hular kwano, da lasisi, a sa wani babba mai natsuwa ya koya masa a fili kafin ya hau titi, kuma kada ya yi goyo sai hannunsa ya zauna. In ya shekara yana hawa lafiya, babban babur bai ƙare a kasuwa ba. Fushin yaro na kwana biyu ya fi zaman jinya a asibitin ƙashi. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Wanda yake da ƙarin tambaya a kan wannan, ko a kan wani abin da ya shige masa duhu na noma ko kasuwa, ya aiko mana, ya faɗi garinsu da irin hanyarsu da abin da yake ɗauka, don amsar ta zo daidai da shi. Allah Ya sa albarka a abin da aka noma, Ya kiyaye mu a hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.